Cinikin Biri a Sama: Gwamnati da Baƙin da Take Jira

Watannin baya wani kamfanin masu ba da shawara, irin waɗanda ke zaga ofisoshi da jaka a hannu suna farautar kwangila, ya neme ni in ƙera masa manhajar waya ta masu yawon buɗe ido. Muka haɗu a wani gidan abinci a Barnawa. Shugaban tawagar, dattijo mai fara'a, ya buɗe kwamfutarsa ya juyo mini da ita. Hotuna ne masu ɗaukar ido: dawakin hawan Sallah, ruwan Matsirga yana kwarara daga kan dutse, wani Bature da matarsa suna dariya a saman gidan dutsen nan na Kajuru. A shafin ƙarshe sai ga jadawali da wata jar kibiya, ta taso daga ƙasa ta nufi sama kamar maharbi ne ya sake ta, a bakinta an rubuta 2030.

Na ce, "Yallaɓai, wannan adadi na farko da kibiyar ta taso daga kansa, ina aka samo shi?"

Ya yi murmushi ya ce, "Injiniya, mu ma haka muka tarar da shi a takarda. Kai dai ka sa abin ya yi kyau a waya."

Ban amsa masa ba a ranar, kuma tun daga lokacin maganar take ci mini rai. Ni mai rubuta manhaja ne, a Kakuri aka yanke cibiyata, a kudancin kogin Kaduna nake zaune har yau. Ba na ƙin baƙo. Wanda ya tashi a layin da Bahaushe da Bajju da Tibi da Ibo da Bayarabe ke jiran ruwa a famfo ɗaya ba shi da bakin ƙin baƙo. Abin da nake ƙi shi ne ɗabi'ar da gwamnatocinmu suka mayar sana'a, wato a hau mumbari a ce nan da shekara kaza masu yawon buɗe ido za su riƙa kwararowa Najeriya da miliyoyinsu, a tafa, a ci abincin rana, a watse. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Biri yana can kan reshe yana cin kanya, a ƙasa har an fara faɗa kan rabon kuɗinsa.

Tun ina sakandare nake jin wannan waƙa. Zamanin Obasanjo aka yi gangamin Heart of Africa, kuma a 2006 aka fitar da babban kundin tsarin bunƙasa yawon buɗe ido da taimakon hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, aka kasa ƙasar gida biyar, aka ce Kano ce ƙofar Sahara. A 2009 marigayiya Dora Akunyili ta zo da Good People, Great Nation. A 2013 aka ce Fascinating Nigeria, a 2017 aka ce Tour Nigeria. A Agustan 2023 Shugaba Tinubu ya ware wa harkar ma'aikata tata ta kanta ya damƙa wa Lola Ade-John. Wata goma sha huɗu bayan nan, a Oktoban 2024, aka rushe ma'aikatar aka haɗe ta da ta al'adu a hannun Hannatu Musawa. Yanzu amshin waƙar shi ne Destination 2030, da alƙawarin cewa wannan ɓangare na al'adu da ƙirƙira zai zuba wa tattalin arziki dala biliyan 100 nan da 2030. Mai karatu ya ɗora wannan a sikeli: duk abin da Najeriya ta samar a 2024, da man fetur da noma da kasuwanci da komai, bai kai dala biliyan 250 ba. Take yana sauyawa da sauyin minista, ranar cika alƙawari tana ta matsawa gaba. Ban taɓa jin ranar da aka dawo aka ce mana ga abin da kundin 2006 ya hango, ga kuma abin da ya tabbata ba.

A sana'armu akwai ƙa'idar da ake cusa wa ɗalibi tun shekarar farko: kwamfuta injin niƙa ce, wanda ya kai mata dusa ba zai koma gida da garin alkama ba. Hasashe ba tsafi ba ne. Ka ɗauki adadin bana, ka ƙiyasta da kashi nawa zai riƙa ƙaruwa, ka ninka. Kowane yaro mai Excel zai zana maka kibiyar nan kafin shayinka ya huce. In ka ce ƙaruwar kashi 10 ce duk shekara, adadin zai ninka cikin shekara bakwai da 'yan watanni. In ka ga hakan ba zai burge mai girma minista ba, sai ka mayar da shi kashi 20, ya ninka kafin shekara huɗu. Wuyar aikin tana wurin adadin farko da dalilin ƙaruwar. Ranar da na buɗe rumbun alƙaluman Bankin Duniya don in ga baƙi nawa ke shigowa Najeriya, na tarar layinmu ya tsaya cak a 2016, da mutum miliyan 5 da ɗoriya. Makiyayin da bai san yawan tumakin da ke garkensa yau ba, da wane baki zai rantse kan yawan 'ya'yan da za su haifa baɗi?

Mu a Kaduna ba ma buƙatar hasashe, don an taɓa gwada abin a gabanmu. A Maris ɗin 2017 aka rufe filin jirgin saman Abuja na mako shida don gyaran titin sauka, aka ce duk jirage su koma Kaduna. Aka gyara filinmu, aka yi fenti, aka jibge jami'an tsaro a hanyar Abuja. Ga dama ta zo har gida, ba tare da an biya kuɗin talla ba. British Airways ya ce ba zai zo ba, Lufthansa ya ce ba zai zo ba, sauran manyan kamfanonin waje suka bi sahu. Ethiopian Airlines ne ya sauka. Waɗannan kamfanoni ba su ƙi mu don ƙiyayya ba, kuɗi suke nema kamar kowa. Sun yi nasu lissafin, suka ga gara asarar cinikin mako shida da su kwanar da ma'aikatansu a nan.

Kuma suna da abin nunawa. Makonni kaɗan kafin nan, a Fabrairun 2017, aka sace Jamusawa biyu masu binciken kayan tarihin Nok a ƙauyen Janjala da ke Kagarko, aka kashe mutanen gari biyu da suka bi sawun masu satar. A Afrilun 2019, daren Juma'ar Ista, 'yan bindiga suka afka wa gidan dutsen Kajuru, wanda hotonsa ke cikin kwamfutar dattijon nan, suka kashe wata ma'aikaciyar agaji 'yar Birtaniya da wani ɗan Najeriya, suka tafi da wasu. Daga Sabon Tasha zuwa wurin tafiyar kamar awa guda ce, ta Maraban Rido da Kujama da Kasuwan Magani. Ranar 26 ga Maris 2022 aka kai hari filin jirgin sama, kwana biyu bayan nan aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, aka kashe fasinjoji, aka kwashi gommai zuwa daji. Na ƙarshensu sai a Oktoba suka ga gida, jirgin kuma bai koma aiki ba sai Disamba. Filin jirgin sama, layin dogo, hanyar mota da wurin shaƙatawa: duk ƙofar da baƙo zai bi an taɓa zubar da jini a bakinta.

Ga yadda abin yake aiki a can, tunda masu zana kibiya ba sa faɗa. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta sa jihar Kaduna cikin wuraren da take ce wa 'yan ƙasarta kada su je, Birtaniya ma tana da nata gargaɗin. Da zarar an rubuta haka, yawancin kamfanonin inshorar tafiya ba za su ɗauki nauyin wanda ya yi kunnen ƙashi ya taho ba. Kamfanin shirya balaguro ba zai kwaso mutum ashirin marasa inshora ba. Jami'a ba za ta saki ɗalibinta ba. Babu tallan da zai warware wannan ƙulli, ko da an liƙa shi a jikin kowace bas a Landan. A ƙarshen Satumban 2021 aka katse layukan waya a wasu sassan jihar nan kusan wata biyu don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana. Ban ce babu dalili ba. Amma ni da abincina ke kan intanet na san yadda na riƙa saɓa jakar kwamfuta ina bin unguwanni ina neman inda sabis yake. Manhajar da ake so in ƙera, a wace waya za ta buɗe a irin wannan rana?

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa mini. Za a ce ina ɓata sunan jiha, abubuwa sun yi sauƙi, tun sulhun da aka yi a Birnin Gwari a ƙarshen 2024 kasuwar shanu ta dawo, motoci na bin hanyar. Gaskiya ne, kuma ina cikin masu hamdala. Duk ranar da manomi ya je gona ya dawo lafiya riba ce. Sai dai amana ba ta dawowa da saurin da take tafiya. A tambayi mutanen Agadas. A shekarun 1980 Turawa na cika garin, gasar motocin Paris zuwa Dakar na ratsawa, maƙeran azurfa da direbobi da masu masauki na cin abinci da su. Tawaye ya tashi, ya lafa, ya sake tashi a 2007, sace-sacen baƙi ya biyo baya. A 2008 aka soke gasar motocin gaba ɗaya, a 2009 ta koma Kudancin Amurka. UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan gadon duniya a 2013, amma takardar ba ta dawo da jiragen Turawa ba. Garin da ya taɓa samun kasuwar ya rasa ta ke nan. Ina ga mu da ba mu taɓa kafa ta ba?

Za a kuma ce ai Ruwanda ta yi, Maroko ta yi, Ghana ta yi. Sun yi, amma a duba ta ina suka fara. Ruwanda na karɓar har dala 1,500 a hannun baƙon da zai je ganin gwaggon biri, kuma yana biya don ya tabbata zai hau dutsen ya sauko lafiya, a ranar da aka rubuta masa, da jagoran da ya san aikinsa. Sunan ƙasar bai hau hannun rigar Arsenal ba sai 2018, bayan an shafe shekaru ana gyaran gida. Maroko ta karɓi baƙi miliyan 17.4 a 2024, kuma ta iya faɗin adadin har da ɗigo saboda tana ƙirgawa. Ghana da ta yi shekarar komawa gida a 2019 ta san sarai wa take kira: jikokin bayin da aka kwashe ta Elmina da Cape Coast. Kowaccensu ta share tsakar gida kafin ta aika goron gayyata. Mu goron muke fara rabawa, tsintsiya kuma sai an ga hali.

Kuma ba don ba mu da abin nunawa ba. A ƙasar Jaba, nan cikin jiharmu, aka fara tono gumakan yumɓun Nok a 1928 wajen haƙar kuza, waɗanda shekarunsu suka haura dubu biyu. An baje wasu a gidan tarihin Louvre na Paris a 2000, aka baje wasu a Frankfurt a 2013. Yara nawa ne a makarantun Narayi da Makera aka taɓa ɗauka a mota aka kai su gidan tarihin da ke titin Ali Akilu su gan su da idonsu? Gandun dajin Kamuku ya zama na ƙasa a 1999, daga baya ya koma mafakar waɗanda muke gudu. Gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru tana nan a lambun Gamji. A Zariya ga masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, wanda masana gine-gine na duniya ke rubutu a kansa. Otal ɗin Durbar kuwa, da aka gina don baƙin FESTAC na 1977, lokacin da duniya ta taru a Kaduna kallon dawaki, ya shekara da shekaru a kulle ana shari'a a kansa, a Janairun 2020 aka rushe shi. Wannan shi ne tarihin riƙonmu, kuma shi ya kamata a fara sa wa a cikin jadawali.

Ko abin da muka fi iyawa ba ma iya ba shi rana tsayayya. A Disambar 2024 UNESCO ta karɓi hawan Sallar Kano cikin al'adun gadon bil'adama, aka yi ta murna a rediyo. Wata uku da 'yan kwanaki bayan nan 'yan sanda suka hana hawan ƙaramar Sallah saboda rikicin sarauta, kamar yadda suka hana na babbar Sallar da ta gabata. Bikin kamun kifi na Argungu ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020. Mai zuwa daga nesa yakan sayi tikiti wata shida kafin tafiya, ya nemi hutu a wurin aiki, ya biya masauki. In ya sauka ya tarar an soke, ba zai dawo ba, kuma zai faɗa wa goma.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni haushi. A ma'anar da hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke aiki da ita, duk wanda ya shigo ƙasa ya kwana, bai kai shekara ba, kuma ba aikin albashi ya zo kamawa ba, ana ƙirga shi. Ɗan kasuwa yana ciki, mai neman magani yana ciki, mai zuwa biki ko ta'aziyya ko ziyarar malami yana ciki. In haka ne, baƙin da gwamnati ke hangowa a 2030 sun daɗe da isowa, ita ce ba ta gan su ba. Su ne matan Maraɗi da Damagaram da ke sarin atamfa a Kantin Kwari. Su ne masu motocin hatsi a Dawanau. Su ne tsofaffin da 'ya'yansu ke riƙo wa hannu zuwa asibitin ido na ƙasa a nan Kaduna. Su ne Hausawan zangon Kumasi da Nima da ke zuwa ɗaurin aure da Mauludi, da ɗaliban Kamaru da Chadi. A namu ɓangaren kogin, duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Television a makon Kirsimeti ya ga 'yan kudancin Kaduna mazauna Ingila da Amurka da jakunkunansu, sun nufi Kafanchan da Zonkwa, wasu za su tsaya bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu. Waɗannan mutane ba sa karanta gargaɗin ofishin jakadanci, ko sun karanta sai sun zo, don uwa tana gida. Kuɗinsu kuma ba ya tsayawa a otal ɗin Abuja. Yana shiga hannun mai keke, mai tsire, tela, mai ɗaukar hoto da mai gyaran gashi.

Me muke yi musu? A Agustan 2019 muka rufe iyakokin ƙasa sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023 muka sake rufe iyakar Nijar sai Maris ɗin 2024. Tsakanin Jibiya da Katsina, ko Illela da Sakkwato, duk wanda ya taɓa shiga motar haya ya san sau nawa ake tsayar da ita, ya kuma san abin da ake nema a kowace tsayawa. An kawo bizar intanet a Mayun 2025, kuma a matsayina na mai wannan sana'a na yaba, don ta rage wa mai zuwa ta jirgin sama wahala. Amma baƙon da ya fi yawa ba ta jirgi yake zuwa ba. A hotunan dattijon nan babu ko ɗaya mai kama da shi. Baƙon da gwamnati ke mafarki fari ne mai gajeren wando da kyamara a wuya. Wanda ya zo da rawani ko da buhu a ka, sai a tambaye shi katin shaida da na goro.

Akwai kuma maganar da ba a so a taɓa, ta kogin nan. Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne. A zamaninsu Kakuri ta ga baƙi ba tare da an buga take ba: Ingilishi da suka zo da masaƙar KTL a 1957, 'yan Hong Kong na UNTL, Japanawan masaƙar Arewa, Faransawan Peugeot daga 1975. Aiki ne ya kawo su, zaman lafiya ya zaunar da su. Masaƙun sun mutu ɗaya bayan ɗaya. Rikicin Fabrairun 2000 ya tsaga garin, jama'a suka kwashe kaya, kowa ya koma ɓangaren da masu addininsa suka fi yawa, har wasu na kiran arewacin kogi Makka, kudanci kuma Kudus. A 2002 aka ɗauko gasar sarauniyar kyau ta duniya don a gyara sunan Najeriya a idon baƙi. Kaduna ce ta biya da rayuka fiye da 200, gasar kuma ta tattara ta koma Landan. Darasin a fili yake: ba a yi wa gida kwalliya don idon waje alhali na ciki ba sa ga maciji.

Ina da abokan karatu a Unguwar Rimi da Kawo da ba su taɓa cin abincin dare a Barnawa ba. Ina da maƙwabta a nan da ba su taɓa taka Gidan Arewa ba, ba su san akwai takardun Sardauna a ciki ba. An gina sabuwar gada tsakanin Kabala Costain da Barnawa, mun gode, amma siminti ba ya haye da mutum in zuciyarsa ba ta yarda ba. Garin da ɗansa ke duba agogo kafin ya haye gada ba shi da hujjar jiran Bajamushe. Ɗan yawon buɗe idon farko da Kaduna ke buƙata yana Tudun Wada, na biyu yana Sabon Tasha.

Wani zai ce to mene ne laifin fata nagari, ai ba a biyan kuɗin mafarki. Ana biya. Kowace kibiya tana da kasafinta: taron ƙaddamarwa, tawagar zuwa baje koli a Turai, sabon tambari, shafin intanet da zai mutu ranar da kuɗin hayarsa ya ƙare. Ana biya da lokacin matasa, waɗanda ake tarawa a zaure a ce su shirya, ayyuka na tafe. Na san wanda ya ci bashi ya gyara ɗakuna huɗu don saukar baƙi bayan irin wannan taro, yau 'yan hidimar ƙasa ke haya a ciki, bashin bai ƙare ba. Babbar asarar kuwa ita ce ta gaskiya. Gwamnatin da ta saba faɗin adadin da ba ta ƙirga ba a kan baƙi, haka za ta yi a kan yaran da ba sa makaranta da gadajen asibiti.

Don haka, ranki ya daɗe Minista, da ku masu riƙe da wannan harka a jiha, ga buƙatata, kuma ba ta kai kuɗin taro ɗaya ba. Ku fara ƙirga. Hukumar shige da fice tana buga hatimi a fasfo, otal-otal suna rubuta sunan mai kwana. A haɗa waɗannan, a cire sunaye, a wallafa duk wata uku: mutum nawa, daga ina, don me, kwana nawa. Matasa biyar daga cikinmu za su iya gina wannan rumbu. Kafin a sake faɗin wani adadi na 2030, a fito da kundin 2006 a karanta mana abin da aka cika da abin da aka bari. A rage shingaye a hanyoyin Maraɗi da Ƙonni, a sa lambar da matafiyi zai kira in an tatse shi, a kuma hukunta wani a gani. A ba bukukuwanmu ranakun da siyasa ba za ta taɓa ba. A sa wa kowace makarantar gwamnati ziyara ɗaya a shekara, yaran kudu su haye arewa, na arewa su haye kudu, a biya kuɗin motar daga kasafin talla. A gyara hanyar Kachia, a tsare ta dare da rana saboda masu doya da citta da ke bin ta kullum. Ranar da matar Kujama ta daina fargabar dawowa daga kasuwa bayan magariba, ofisoshin jakadanci za su ji labari ba tare da an aika musu wasiƙa ba.

Bayan mako guda dattijon ya kira ni ya ce, "Injiniya, ya maganarmu?"

Na ce, "Yallaɓai, zan yi aikin, amma da sharaɗi. A cire kibiyar. A wurinta in sa kuɗin mota daga tasha zuwa tasha, da lokacin tashin jirgin ƙasa daga Rigasa, da asibiti mafi kusa, da Hausa da Faransanci da Turanci."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai kibiyar ce ake biya."

Na gode masa da bai ɓoye mini ba. Da yamma na fita na hau keke zuwa kasuwar Station. A kujerar baya na tarar da wata dattijuwa da jikanta, da ganin shigarsu da jin Hausarsu ka san daga ƙetaren iyaka suke. Ta miƙo mini wata takarda da aka rubuta sunan unguwa a kai, ta ce, "Ɗana, don Allah nan ne hanya?" Ba nan ba ne, sun wuce mahaɗar tun tuni. Na sauka tare da su, na tsayar musu da wani keken, na yi wa direban kwatance. Ba ta cikin jadawalin kowa, kuma ita ce baƙuwar da ta zo.